Tambayar da Kika Rufe Ranar Talata

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki a Zariya cikin ƙoshin lafiya, kin sauka lafiya, kin dace da ɗaki da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare miki addininki da mutuncinki. Yau Laraba nake rubutawa, bayan la'asar, kin fita sallamar gwaggwanninki, gidan ya yi tsit. Zan cusa ta ƙarƙashin ledar dambun nama, don na san nan hannunki zai fara zuwa.

Ba zan cika ki da wa'azin salla a kan lokaci da kiyaye samarin jami'a ba. Abbanku ya yi wannan jiya har shayinsa ya huce, kuma ya fi ni iyawa. Ni maganata ɗaya ce, a kan dandalin nan naku na intanet, inda ɗalibai ke aika tambaya wasu su amsa, wanda aka sa ki cikin masu kula da shi, aka ba ki ikon rufe duk tambayar da kika ga ba ta dace ba.

Ranar Lahadi ina kicin ina tankaɗe, na ji ki a tsakar gida kina gaya wa Abbanku cewa ranar Asabar mai zuwa ku masu kula da dandalin za ku yanke shawara, ko a hana tambayoyin aikin gida gaba ɗaya, ko a bar su. Kika ce kun gaji da malalata masu kwafo abin da malaminsu ya ba su su ajiye muku.

"Abba, kai me ka gani? A hana ko a bari?"

"To ni Ummi, da shanu na saba, su kuwa ba su taɓa kawo mini aikin gida ba. Ga Ummanku can, ita ce malama."

"Ai na san abin da Umma za ta ce."

Na ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba, amma garin nan sai da na maimaita shi don ban san abin da hannuna yake yi ba. Sama da shekara ashirin ina koyar da lissafi, alli ya cinye mini farce, amma da 'yata ta buƙaci shawara a kan aikin gida, sai ta kai wa mutumin da aikinsa allurar shanu ne. Kishi na ji, Ummi, ba zan sa masa wani suna ba. Na yi kishin Abbanku, na yi kishin dandalin, na yi kishin wani mai kiran kansa Injiniya da kullum kike cewa ya iya bayani, mutumin da ko ganinsa ba ki taɓa yi ba. Ni da nake gabanki ba ki taɓa cewa na iya bayani ba.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Kin san an yi wa malaminmu na ƙarin lissafi canjin wurin aiki, aka ɗora mini 'yan ajin ƙarshe. Akwai wata tambaya a littafinsu da zan koyar ranar Litinin. Tanki ne mai siffar mazurari, bakinsa a sama tsininsa a ƙasa, ana zuba masa ruwa da gudu iri ɗaya, aka ce a nemo saurin da ruwan ke hawa idan ya kai wani tsayi. Mun taɓa irin wannan a kwaleji tun ba a haife ki ba, amma ya daɗe da tsere mini. Na cika takardu, na kasa. Na san ke kin iya. Ɗakinki yana kallon nawa, amma ƙafata ta ƙi kai ni.

Ranar Talata da safe ba ni da darasi, sai na sa hijabina na tafi wani kafen intanet da na san ba kya zuwa, na shige ɓangaren mata bayan labule. Da ɗan abin da aka koya mana a kwas ɗin kwamfuta na malamai na yi rajista, na sa wa kaina suna 'Yar Buji. Da yatsa ɗaya nake buga haruffa, ina neman kowanne kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kafin in gama kwafe tambayar lokacin da na saya ya kusa ƙarewa, sai na aika ta haka nan, ko sallama babu. Da aka tashi daga makaranta na koma na duba. An rufe ta. A ƙasa ga sunanki, ga abin da kika rubuta: "Ba ma yi wa kowa aikin gida a nan. Je ki buɗe littafinki, ba don ado aka ba ki shi ba."

Da yamma kina cin tuwon da na tuƙa, kina ba Abbanku labarin wata 'Yar Buji da ko gaisuwa ba ta iya ba, kuna dariya. Ni na zuba miki ƙarin miya. Ban ji haushinki ba kamar yadda na ji haushin kaina, domin maganar nan da kika rubuta tawa ce, ko kalma ɗaya ba ki sauya ba. Shi ya sa kafin Asabar nake so ki san inda na samo ta, don ki san abin da kike shirin mayarwa doka.

Da aka ƙirƙiro jiharmu aka dawo da mu daga Kano, wata makarantar kwana ta 'yan mata aka tura ni a wajen Taura, kina goye a bayana. A can na tarar da Malama Ladi, ita ma lissafi take koyarwa, gidanta yana jikin nawa a rukunin gidajen malamai. Kullum bayan la'asar barandarta cike take da yara da littattafansu, tawa kuwa sai kaji. Na fi ta takarda, na fi ta kyan rubutu a allo, na fi ta Turanci, amma wurinta suke zuwa, har da 'yan ajina. Ina jin dariyarsu ta katanga. Ban taɓa leƙawa in ga me take yi musu ba, don a ganina leƙawar ma faɗuwa ce. Sai na yanke wa kaina cewa amsa take ba su, in kuwa amsa ce ai ni ma ina da ita.

Na sayi ƙaramin allo na jingina a barandata. Duk wadda ta kawo aikin gida, in warware mata shi daga farko har ƙarshe, ita kuma ta kwafa. Ba a yi mako biyu ba barandata ta cika har ƙasa, ta Malama Ladi ta ragu. Daɗi ya kashe ni. Ina daga murya da gangan don ta ji. Yara suna cewa Malama mai sauƙin kai, suna kawo mini ɗanyar gyaɗa da aya idan an zo musu ziyara.

Abin ya tonu ne ranar da na manta alamar ragewa a wani layi. Washegari Malama Ladi ta shigo ofishin malamai da littattafan ajinta, ta ajiye a gabana, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kusan rabin aji sun manta alamar a wuri ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama, kurenki ne ko nasu? In naki ne sai in san wa zan ba maki."

Da jarrabawar zango ta zo, babu allona a zauren, yaran barandata suka zube. Sai daga baya na san abin da take yi a tata barandar. Ɓarar gyaɗa take yi, hannunta ko biro ba ya taɓawa. Yarinya ta zo, ta ce mata karanta mini tambayar da ƙarfi, sannan ta ce a ina kika tsaya. Daga nan ta ba ta taki ɗaya, ta ce je ki gwada ki dawo.

Na ji kina cewa a dandalinku ana ba mai amsa taurari, kuma Injiniya ya fi kowa tarawa. Ki yi hankali da taurarin nan, irin gyaɗar da ake kawo mini ce. Ranar da kika ji kina son ki warware wa yaro komai don ki wuce wani, ki ɗauke hannunki daga kwamfutar ki je ki sha ruwa. A nan kina da gaskiya, kuma ban ce ki sassauta ba: kada ki yi wa kowa aikinsa. Wanda ya ce miki yana cikin jarrabawa ne ko gwaji, ki ce masa a'a kai tsaye, wannan ha'inci ne, kuma kina da rabo a zunubin idan kin taya shi. In kuma kin ga wani ya fi ki iya bayani, ki karanta nasa ki ga yadda yake yi. Ni katanga ɗaya ce tsakanina da Malama Ladi, na shekara ina cizon yatsa ban leƙa ba.

Da na ji kunya a Taura, maimakon in koyi abin da take yi, sai na tsallaka can ɗaya gefen. Na rantse ba wanda zai sake samun amsa a bakina. Muka dawo Dutse, muka kama gidan nan na Yalwawa, na buɗe darasin yamma a zaure. Da aka fara shari'ar Musulunci a jihar, iyaye da yawa suka cire 'ya'yansu mata daga darasin malamai maza suka kawo mini, har tabarma ta yi kaɗan. Kaina ya kumbura. Na ɗauka tsananina ne ya jawo su, alhali ni kaɗai ce mace mai koyar da lissafi a unguwar. A lokacin ne maganar buɗe littafi ta zauna a bakina. Ina faɗa, yara su yi dariya, in ji daɗi.

Za ki iya tuna Binta, doguwar nan da ke zaune gidan kawunta a bayan masallaci, iyayenta suna ruga a wajen Buji. Ba ta cika magana ba. Wata rana ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane yadda ake haɗa ɓangarorin lamba masu ƙasa daban-daban ba, abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro da misali a littafinsu. Na ce ta je ta buɗe littafinta, ba don ado aka ba ta shi ba. Aka yi dariya, ta sauke hannu. Ta ci gaba da zuwa har ƙarshen shekara, tana gaishe ni da ladabi, amma ba ta ƙara tambayata komai ba. Ni kuwa na ɗauka ta gane ne.

Bara na haɗu da ita a wani suna, da goyonta. Muka gaisa, ta tambaye ki. Muna cikin hira sai ta yi murmushi ta ce:

"Malama, kin san ranar nan na je na buɗe littafin? Mu uku muke karatu da shi, na yayan wata ne. Shafin a yage yake."

Ba da zafi ta faɗa ba, har tana dariya. Ni ce na kasa gama shinkafar da ke gabana. Da tambaya ɗaya na yi mata, na ce me kika gani a littafin, da na sani tun ranar.

To ke ko fuskar mai tambaya ba kya gani. Ba ki san wanda littafinsa ya yage ba, ba ki san wanda malaminsu ya yi wata bai shiga aji ba, ba ki san wadda da yatsa ɗaya take bugawa lokaci yana ƙure mata ba. Malalata suna nan, na fi ki saninsu, na koyar da iyayen wasunsu. Amma daga nesa tambayar malalaci da ta wanda ya gaji da ƙoƙari kamarsu ɗaya, ba a rabe su sai an tambaya. Don haka kafin ki rufe, ki rubuta layi ɗaya: me ka gwada, a ina ka tsaya. Malalaci ba zai dawo ba, kin huta ba tare da kin zagi kowa ba. Wanda ya dawo, ko shirme ya kawo, ki nuna masa inda ƙafarsa ta zame, ki ba shi taki ɗaya, ki bar masa sauran. Kada ki yi wa kowa dariyar Turancinsa. Kuma duk abin da za ki faɗa, ki tuna ba shi kaɗai ke karantawa ba, akwai masu leƙe da yawa da ke auna ko su ma su tambaya. Ranar da na kunyata Binta, ban san hannu nawa na sauke ba.

Ɗaya daga cikinsu naki ne. Kina zaune a bakin ƙofar zaure ranar, kina rarraba alli. Da kika shiga sakandare kin taɓa kawo mini wani aiki ina yanka alayyahu, na ce ke 'yar malamar lissafi guda ba kya jin kunya, abin da ko 'yan firamare sun sani. Kika naɗe littafinki kika fita. Tun daga ranar wurin Abbanku kike kaiwa. Ina kallonku ta taga, yana kishingiɗe a tabarma da rediyonsa, bai san ko alif a abin ba, sai dai ya ce karanta mini in ji, to daga nan fa, to me ya hana ki. Kina cikin yi masa bayani sai ki ce au, na gane, ki tashi da gudu. Shi kuma ya leƙo kicin yana cewa yau ma ya koyar da lissafi kyauta. Ina yi masa tsaki, ina ce masa ya bari shanu su ji. A raina kuwa kamar in fasa tukunya. Mutumin da bai san komai a fannina ba yana yin aikin Malama Ladi a tsakar gidana, da 'yata, ni ina yanka albasa.

Daga wurinsa kika wuce kafe, kika sami mutanen da ba sa ce miki ba kya jin kunya. Na yi ta faɗan kuɗin kafe, na yi ta cewa intanet ɓata tarbiyya ce, har na sa Abbanku ya rage miki zuwa. Ba tarbiyya ce ta dame ni ba, na san wadda na haifa. Abin da ya dame ni shi ne kina dawowa fuskarki a sake, kin koyo abu, kuma ba a wurina ba. Duk sakamako mai kyau da kika kawo gida, ina murna ina kuma lissafin nawa ne rabona a ciki. Jiya na gano rabona. Kin ɗauki ƙwaƙwalwarki a wurin Allah, kin ɗauki haƙurin gwadawa a wurin Abbanku da mutanen dandali, ni kuma kin ɗauki maganar da kika rubuta wa 'Yar Buji. Ba na so ya zama ita kaɗai kika tafi da ita Zariya daga gare ni.

Kin ce kin san abin da Umma za ta ce. Da kin tambaye ni wata ɗaya da ya wuce, da kin canka daidai, cewa zan yi a hana, a kore su duka. Yanzu ga abin da nake cewa: ranar Asabar kada ki goyi bayan hanawa. Ki ce a bar tambayoyin aikin gida, da sharaɗin mai tambaya ya faɗi abin da ya gwada, kuma in bai faɗa ba a tambaye shi kafin a rufe. In sauran sun rinjaye ki, shi ke nan, kin dai faɗa. Shawara ce, ba umarni ba, don dandalin naku ne, ni baƙuwa ce da aka kora tun a zaure.

Saura roƙona. Kada ki kira ni a wayar Abbanku ki ba ni haƙuri, ba ki yi mini laifin da ban koya miki ba. Kada kuma ki gaya masa, don in ya ji, ni da zaman lafiya a gidan nan sai wata shekarar. Ki sami kafe a nan kusa da ku, ki buɗe tambayar, ki amsa mini a can a gaban kowa, yadda za ki amsa wa kowace 'yar ƙauye da ba ki sani ba. Kada ki tura mini Injiniya, ke nake so. Kuma kada ki warware mini duka.

Tunda ba ki tambaye ni ba, bari in faɗa da kaina. Na rubuta ƙa'idar yawan ruwan da mazurari ke ɗauka. Na gane abin da ake nema shi ne saurin ƙaruwar tsayin ruwan. Amma faɗin saman ruwan shi ma yana ƙaruwa tare da tsayin, sai na tsinci kaina da abu biyu duk suna motsi, na rasa yadda zan sallami ɗaya in zauna da ɗaya. Jikina yana ba ni cewa akwai dangantaka tsakaninsu da ke gabana ban gani ba. A nan na tsaya.

Zan je kafe ranar Lahadi bayan azahar in duba. In na tarar da ita a buɗe, alhamdu lillahi. In kuma har yanzu a rufe take, ranar Litinin zan shiga aji in rubuta tambayar a allo, in juyo in ce wa yaran nan ban iya ba, mu gwada tare. Ban taɓa faɗar haka a gaban ɗalibi ba tunda na fara aiki, kuma ban san ko bakina zai iya ba. Ke na fara gaya wa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki ƙirji, Ya haɗa ki da malaman da suka fi uwarki sauƙin tambaya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaishe da abokan ɗakinki, ki ba su dambun su ma su ɗanɗana. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Ummanki.